3.2 Tarihin Gano Bambancin Jan Ƙarfe a Jinin Tumaki

Wannan sashe zai yi tsokaci a kan yadda masana suka gano cewa yawan sinadarin jan ƙarfe a jinin tunkiya bai dogara ga ciyawar da take ci kaɗai ba, har da irin da ta fito daga cikinsa.

Tun da daɗewa makiyayan Birtaniya da Ostireliya suke fama da wani ciwo da kan kama 'ya'yan tumaki, inda ɗan tunkiya kan riƙa tangaɗi, ƙafafunsa na baya su kasa ɗaukarsa. A shekarar 1937 Bennetts da Chapman suka nuna a yammacin Ostireliya cewa ƙarancin jan ƙarfe a jikin uwa lokacin da take da ciki shi ne sanadi. Daga nan sai hankali ya koma kan ƙasa da ciyawa, aka ɗauka cewa duk tumakin da ke kiwo a fili ɗaya matsalarsu ɗaya ce.

Wannan zato bai tsaya ba. A shekarun 1960 Wiener da Field suka auna jinin tumaki iri uku da ake kiwo tare a Sikotlan, wato Blackface da Cheviot da Welsh Mountain. Duk da cewa abincinsu ɗaya ne, jinin Blackface ya fi ƙarancin jan ƙarfe, na Welsh Mountain kuwa ya fi yawa, kuma ciwon tangaɗin ya fi addabar 'ya'yan Blackface. Ke nan gado yana da hannu a lamarin.

Sai dai babu misalin da ya fi fito da wannan batu fili kamar na tsibirin North Ronaldsay da ke arewacin Sikotlan. A shekarar 1832 mutanen tsibirin suka kewaye gonakinsu da katangar dutse mai tsawon kimanin kilomita 19, suka bar tumakinsu a bakin teku. Manufarsu ita ce su keɓe ƙasa mai kyau domin noma da shanu, ba wai su sauya halittar tunkiya ba. Tun daga lokacin ciyawar teku ta zama abincin tumakin, in ban da 'yan watannin da ake shigar da mata ciki domin haihuwa da shayarwa. Da yake jan ƙarfen da jiki kan samu daga wannan abinci kaɗan ne, tumakin suka zama masu tsotse shi fiye da kima. Abin da ya raya su a gaɓar teku shi ya zame musu guba a wani wuri, domin da aka kai wasunsu makiyaya ta ciyawa a shekarun 1970 da nufin adana irin, jan ƙarfe ya taru a hantarsu, shawara ta kama su, wasu da dama suka mutu.

Har ila yau, an tabbatar cewa tumakin Texel na ƙasar Holan su ma suna saurin tara wannan sinadari. Saboda haka adadin da likitan dabbobi zai ƙara wa Blackface domin kare 'ya'yanta yana iya halaka Texel da ke kiwo kusa da ita a fili guda.