Yadda Wasan Dangwale Ya Kama Yatsun Matasa

A shekarar 2010 wani malamin jami'a ɗan Amurka, Ian Bogost, ya saki wasa a Facebook mai suna Cow Clicker. Babu komai a cikinsa sai saniya guda: ka danna ta, ka jira awa shida, ka sake dannawa. Ya yi shi ne don ya yi wa wasanni irin su FarmVille ba'a, ya nuna cewa holoƙo ne. Sai ga dubban mutane sun rungumi saniyar da gaske, wasu har da biyan kuɗi.

Bayan shekara uku, a 2013, wani Bafaranshe, Julien Thiennot, ya fito da Cookie Clicker, wanda ya zama abin koyi ga da yawa daga cikin masu biyowa. Kana danna biskit, lamba tana hawa, ka sayi abin da zai riƙa toya maka, lambar ta ƙara gudu. Wasan ba shi da ƙarshe, ba a kuma faɗuwa, don haka babu inda mutum zai ce ya gama. Da irin waɗannan wasanni suka shigo salula sai aka ƙara wata dabara: ko ka rufe wayar ribarka na taruwa, amma sai ka dawo ka kwashe. Ba mamaki mutane su nace wa irin wannan wasa, domin tun shekarun 1930 masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa ɓera zai yi ta danna maɓalli muddin akwai ɗan lada, daga baya kuma ya gano cewa nacin ya fi tsanani idan ba a san lokacin da ladan zai zo ba.

A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya rura wutar shi ne alkawarin kuɗi. Pi Network, wanda aka fara a 2019, ya koya wa jama'a danna waya sau ɗaya kowace rana, aka sa wa abin suna "mainin". Sai Notcoin ya bayyana a Telegram a farkon 2024, ya kuma biya a watan Mayu. Wasu sun samu kuɗi na gaske, labari ya karaɗe Kano. Nan da nan aka afka wa TapSwap da Hamster Kombat, wanda masu shi suka ce ya tara mutum miliyan 300.

A ganina Hamster ne ya fi kowa iya ɗaure mutum. A lokacin, ƙarfin dannawa yana ƙarewa, sai ka jira ya cika. Kowace rana akwai sabon kacici-kacici da kyautar da za ta wuce ka in ka yi fashi. Sannan in ka gayyato aboki a ƙara maka, shi ya sa abin ya bi hanyar zumunci. Ɗan Tamaske ko Buza ko Madawa da ke da yaya a cirani a Kano ko Sakkwato, saƙon WhatsApp guda ya isa ya jawo shi. Manomin albasa ya san watan da zai cire amfaninsa. Ɗan mainin kuwa kullum ce masa ake saura kaɗan, alhali kuɗin data da na caji daga aljihunsa suke fita.

Ranar 26 ga Satumba 2024 Hamster ya raba kuɗinsa. Bayan watanni ana dangwale dare da rana, abin da akasarin 'yan wasa suka samu bai wuce 'yan daloli ƙalilan ba.