Gidan Kakanmu na Bakin Dogo

A bakans ɗin da ya wuce Baba ya kira ni ya ce, "Shirya ka raka ni Malam Madori, za a sa gidan Alhaji a kasuwa." Alhaji kakana ne na wajen uba. Ni a Zinder aka haife ni, sau biyu kacal na taɓa kwana a gidan.

Malam Madori ƙaramin gari ne a jihar Jigawa ta Najeriya, kusa da Haɗeja, kuma jirgin ƙasa ne ya raya shi. Turawan Ingila sun kawo dogo Kano a 1911, daga baya suka ja reshe zuwa Nguru, aka gama a 1930. Ba don son talaka suka yi ba, gyaɗa da fatu suke so su kai bakin teku a Ikko. Mu nan Nijar, Faransa ba ta shimfiɗa mana ko taku ɗaya ba. Shi ya sa gyaɗar su Magarya da Matamai takan tsallaka iyaka, ta je ta samu jirgi a can.

Gyaɗar nan kakana ya bi. Ya bar Magarya a shekarun 1950 da sunan cin rani, ya fara da dako a tasha, ya koma awo, har ya zama mai sayen gyaɗa. Ya gina gida na ƙasa mai soro biyu, ƙofarsa na kallon dogo. Gwaggo ta ce a lokacin duk baƙon Damagaram da ya sauka garin, a zauren nan yake kwana, kuma da kukan jirgi mata suke sanin lokacin ɗora tukunya.

Sai fari na 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Najeriya ta karkata ga man fetur, manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi yake ɗauka. Kasuwa ta tashi ta koma bakin kwalta, ta bar mana gida a bayan gari.

Dillalin da ya zo bai ɓoye ba. Ya zaga, ya ce, "Alhaji, da a bakin kwalta yake, da kun yi dariya." Wato abin da ya ba gidan daraja jiya, shi ya karya kuɗinsa yau.

Magada tara ne. Kowa da buƙatarsa, kuma ba zan yi ƙarya ba, da rabon Baba za a biya mini karatun baɗi. Amma Gwaggo a ciki take zaune tun rasuwar mijinta. Da dare ta ce mini, "Ɗana, in an sayar, wa zai san mun taɓa zama a garin nan?" Wallahi na rasa amsa. Ba takarda, ba hoto, gidan ne kaɗai shaidarmu.

Yanzu abokaina ƴan Maraɗi suna murnar dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ni ma ina murna. Sai dai na ga yadda gari yake zama in jirgi ya juya masa baya.

Har yau ba a gama ciniki ba. Na dai roƙi Baba ya bar mini tsohon sikelin Alhaji, na taho da shi Zinder. In na koma, zan zauna da Gwaggo da biro da kaye, tun tana nan.