Haft Paykar: Gimbiyoyi Bakwai, Launi Bakwai da Taurari Bakwai

Masu ƙaga labari suna da wata tsohuwar dabara ta raba wa mutanen labarinsu alamomi masu dacewa da juna. Kowane ɗaya a ba shi launinsa, ko dabbarsa, ko ranarsa, ko halin da za a san shi da shi, ta yadda alamomin za su zama jeri guda cikakke. A wasan kwaikwayon gargajiya na ƙasar Sin, wanda aka shafa wa jar fuska mai amana ne, mai farar fuska kuwa maƙiri ne, kuma 'yan kallo kan gane haka tun kafin ya buɗe baki. A littattafan Harry Potter, waɗanda na farkonsu ya fito a 1997, an kasa ɗalibai gida huɗu, kowane gida da dabbarsa da launinsa: zaki da jan launi na jarumai, maciji da kore na masu buri da dabara. Sai dai da wuya a sami wanda ya kai wannan dabara inda Nizami ya kai ta a waƙarsa ta Farisanci mai suna Haft Paykar, wato "Siffofi Bakwai".

Nizami mutumin Ganja ne, birnin da ke cikin ƙasar Azarbaijan ta yau. Ya kammala Haft Paykar a shekarar 1197, kuma tana cikin dogayen waƙoƙinsa biyar da ake kira Hamsa, tare da Laila da Majnun da masu karatu da yawa suka fi sani. Gwarzon labarin shi ne Bahram Gur, sarkin Farisa na daular Sasaniyawa da ya yi mulki daga 420 zuwa 438. Sarki ne na gaske a tarihi, amma abin da Nizami ya ɗora masa ƙage ne na mawaƙi.

A labarin, Bahram ya tashi a hannun sarakunan Larabawa. Wata rana ya sa aka buɗe masa wani kulallen ɗaki a fadar Hawarnaƙ, ya tarar da hotunan gimbiyoyi bakwai na ƙasashe bakwai, da hotonsa a tsakiyarsu. Da ya hau gadon sarauta sai ya nemi aurensu duka, wani magini mai suna Shida, wanda kuma masanin taurari ne, ya gina masa ƙubbobi bakwai. Kowace ƙubba da launinta, kowane launi da tauraronsa, kowane tauraro da ranarsa. Sarki kan sa tufafi masu launin ƙubbar da zai ziyarta, ya je wurin gimbiyar ranar, ita kuma ta ba shi labari.

Asabar ranar Zuhal ce, ƙubbarta baƙa, gimbiyarta 'yar sarkin Hindu. Lahadi ta Rana ce, launinta rawaya. Litinin ta Wata ce, ƙubbar kore, mai ita kuwa daga Hawarizm. Talata ta Mirrihu ce, ja wur, ta gimbiyar ƙasar Sulabawa ta arewa. Laraba ta Uɗaridu ce, shuɗiya, ta 'yar sarkin Magrib. Alhamis ta Mushtari ce, mai launin itacen sandal. Gimbiyoyin Rum da Sin su suka raba Lahadi da Alhamis. Juma'a kuwa ta Zahra ce, tauraruwar nan da Bahaushe ke kira Zara matar wata, ƙubbarta fara fat, kuma 'yar Farisa ce a cikinta.

Ba Nizami ne ya ƙirƙiro haɗa ranaku da taurari ba. Masana taurari sun daɗe da wannan lissafi tun kafin zuwan Musulunci, kuma burbushinsa na nan cikin sunayen ranaku a harsunan Turai. Sunayen da Hausa ta aro daga Larabci ba su ɗauke da shi, domin yawancinsu ƙidaya ce kawai, daga Lahadi ta ɗaya zuwa Alhamis ta biyar. Abin da Nizami ya ƙara shi ne sanya kowane labari ya haifi launinsa da kansa.

Labarin baƙar ƙubba ya fi nuna haka. Wani sarki ya ji labarin birnin da kowa a cikinsa baƙaƙen kaya yake sawa, ya ƙi zama sai ya san dalili. Bayan dogon nema, wani mahauci ya sa shi cikin kwando, aka ɗaga shi sama, wani ƙaton tsuntsu ya kai shi wani lambu mai kama da aljanna. Sarauniyar lambun ta karrama shi dare bayan dare, abu ɗaya kawai ta roƙa, ya yi haƙuri da ita kanta har lokaci ya yi. A daren ƙarshe haƙurinsa ya ƙare, ya matsa mata. Ta ce ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya gan shi cikin kwandon nan a kango. Daga ranar shi ma ya shiga baƙaƙen kaya, kamar duk mutanen birnin da suka riga shi zuwa. Masu duban taurari kan danganta Zuhal da baƙin ciki da rashi, don haka launin da tauraron da labarin magana ɗaya suke yi.

Haka jar ƙubba. Gimbiya ta killace kanta a sansani bisa dutse, ta kafa sharuɗɗa da kacici-kacici, duk wanda ya kasa a sare kansa. Saurayin da ya yi nasara ya sa jajayen kaya ne don neman hakkin jinin waɗanda suka mutu, Mirrihu kuwa tauraron yaƙi ne. A ƙubbar sandal an ba da labarin matafiya biyu, Hairu da Sharru, inda Sharru ya sayar wa abokinsa ruwa a hamada a bakin idanunsa biyu. 'Yar wani makiyayi Bakurde ta tsinci makahon, aka warkar da shi da ganyen wata bishiya, har ya zama sarki. Mushtari shi ake ɗauka tauraron sa'a da adalci. Mako ya fara da baƙi ya ƙare da fari, labaran kuma sun tashi daga sha'awar da ta ci mai ita zuwa soyayyar da ta ƙare da aure na halal.

Da a nan waƙar ta tsaya, da ta zama ado kawai, kamar zanen bango mai kyau. Amma Nizami ya juya jerin nasa ya tuhumi sarkin da shi. Shekarun da Bahram ya yi yana zagaya ƙubbobi, ya bar ƙasa a hannun wazirinsa Rast-Raushan. Kwatsam aka ce sarkin Sin ya taso da yaƙi, aka duba baitulmali babu komai, sojoji kuma sun watse. Sarki ya fita farauta cikin damuwa, ya iske wani tsohon makiyayi ya rataye karensa a bishiya. Da ya tambaya, makiyayin ya ce ya amince wa karen da garke, ashe karen ya ƙulla hulɗa da macen kyarkeci yana barin ta tana ɗaukar tumaki ɗaya bayan ɗaya. Bahram ya gane maganar ba tare da an fassara masa ba.

Ya koma fada ya sa aka fito da fursunoni, ya zaɓi bakwai su faɗi abin da ya kai su kurkuku. Cikinsu akwai mai lambun da aka ƙwace wa gonarsa, da ɗan kasuwar da waziri ya karɓe wa lu'ulu'u bai biya ba, da sojan da ya nemi hakkinsa aka ɗaure shi. Bakwai a nan sun yi daidai da bakwai a can, sai dai waɗannan ba su da launi, ba su da tauraro, ba kuma don nishaɗin sarki suka yi magana ba. Nan ne ƙarfin waƙar yake, kuma shi ne ɓangaren da masu zane suka fi tsallakewa, domin ƙubbobi sun fi daɗin zanawa. Aka kashe waziri, sarkin Sin ya janye, Bahram ya bar ƙubbobin ya mai da su wuraren ibada.

Tsarin ya yi farin jini ƙwarai bayan Nizami. Amir Husrau na Dilli ya yi tasa waƙar mai suna Hasht Bihisht, "Aljanna Takwas", a farkon ƙarni na 14, Alisher Nawa'i kuma ya yi tasa da Turkancin Cagatai a 1484. Masu zanen littattafai a Farisa da Hindu sun yi ƙarnoni suna zana Bahram da gimbiyarsa cikin ƙubba mai launi guda, har mai kallo kan san ranar da ake nufi da ganin launin kawai. A 1952 an mai da labarin wasan rawa a birnin Baku, da kiɗan Gara Garayev.

Shi kuwa Bahram, ko laƙabinsa alama ce mai fuska biyu. Kalmar "gur" a Farisanci tana nufin jakin jeji, dabbar da ya shahara da farautarta, tana kuma nufin kabari. A ƙarshen waƙar ya bi wani jakin jeji cikin kogo, mahaifiyarsa ta sa aka haƙa wurin ana nemansa, ba a sake ganinsa ba.