Ƙafewar Ruwa: Abin da Kimiyya Ta Ce Game da Asarar Ruwa a Madatsar Goronyo

Madatsar Ruwa ta Goronyo tana kan Kogin Rima a gabashin Jihar Sakkwato. An kammala gininta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900 a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Daga ruwanta ake shayar da birnin Sakkwato, da shi kuma manoman rani ke noma shinkafa, alkama, albasa da tafarnuwa. A farkon 2018 rahotanni sun nuna ruwan ya ragu har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da madatsar ke ɗauka, aka danganta hakan da ƙarancin ruwan sama da kuma yashin da ya cike ta. Akwai kuma wata asara da ke aukuwa kowace rana ba tare da an buɗe ƙofa ko ɗaya ba, wato ruwan da ke tashi ya zama tururi ya shiga iska. Reshen kimiyyar da ke haɗa ilimin sinadarai da na fiziks shi ne ya bayyana yadda hakan ke faruwa.

Ƙwayoyin da ba sa tsayawa

Kowane ɗigon ruwa ya ƙunshi ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, kowace ƙwaya tana da zarra biyu na haidirojin da ɗaya na oksijin. Ƙwayoyin suna jan juna, amma kullum cikin motsi suke, kuma abin da ake kira zafi ma'auni ne na matsakaicin ƙarfin wannan motsi. A ƙarni na 19 James Clerk Maxwell da Ludwig Boltzmann suka nuna cewa ƙwayoyin ba su da gudu iri ɗaya: wasu na tafiyar hawainiya, akasari suna tsaka-tsaki, kaɗan kuma suna da ƙarfi sosai. Waɗannan kaɗan ɗin, idan suna saman ruwa, su ne ke kuɓuce wa jan 'yan'uwansu su tashi sama. Shi ya sa ruwa ke ƙafewa ko bai tafasa ba. Wanki yakan bushe a inuwa, kududdufi yakan ƙafe bayan damina, haka ma madatsa.

Ɓoyayyen zafi

Masanin Sikotland Joseph Black ya gano a shekarun 1760 cewa ruwa na haɗiye zafi mai yawa lokacin da yake zama tururi, ba tare da ma'aunin zafi ya nuna ƙari ba. Ɗumama kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 na buƙatar kusan kilojul 420, amma mayar da wannan kilon tururi na cin kusan kilojul 2,260, wato fiye da ninki biyar. A Goronyo rana ce ke biyan wannan bashi.

Bahaushe ya daɗe da sanin amfanin wannan ƙa'ida. Ruwan randa yana sanyi ne saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tashi da zafin sauran. A kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Matsin tururi, laima da iska

Idan aka rufe ruwa a tulu, ƙwayoyin da ke tashi da waɗanda ke dawowa sukan daidaita, sai ruwan ya daina raguwa. Matsin da tururi ke yi a wannan hali shi ne matsin tururi, kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na zafi, kamar yadda lissafin Clausius da Clapeyron ya nuna. Saboda haka matsin tururin ruwa a digiri 40 ya ninka na digiri 20 sau uku.

Madatsa ba ta da murfi. A 1802 John Dalton ya bayyana cewa saurin ƙafewa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin matsin tururi a saman ruwa da laimar da ke cikin iska, tare da ƙarfin kaɗawar iskar. Howard Penman ya haɗa wannan da lissafin zafin rana a 1948, kuma har yau injiniyoyin ruwa na amfani da tsarinsa. Idan aka ɗora ƙa'idar a kan yanayin Sakkwato, za a ga ruwan Goronyo na fuskantar hari sau biyu a shekara. A hunturu busasshiyar iska daga hamadar Sahara tana share tururin da zarar ya taso. A bazara kuma, a watannin Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Raguwar milimita ɗaya kacal a kan murabba'in kilomita ɗaya daidai take da lita miliyan ɗaya.

Nan ne yashi ke ƙara dagula lamari. Ƙafewa na bin faɗin saman ruwa ne, don haka madatsar da ta cike ta rasa zurfi tana shimfiɗa ɗan ruwanta a fili, ya yi saurin ɗumi, kason da iska ke ɗauka ya ƙaru. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin da yawa: lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30. Wannan ya shafi kifi da masunta kai tsaye.

Abin da tururi ke bari a gona

Tururi ruwa ne zalla. Gishiri da kanwar da suka narke a ciki ba sa tashi, a ƙasa suke zama. Duk lokacin da manomi a fadamun Goronyo, Wurno ko Rabah ya yi ban ruwa rana ta busar, ana barin ɗan gishiri a gonar. Idan babu magudanar da za ta wanke shi zuwa ƙasa, yakan taru har a ga fari-fari a saman ƙasa.

Illar wannan tana da bayani a aikin Jacobus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan wanda ya fara karɓar kyautar Nobel a ilimin sinadarai a 1901. Ruwa na ratsa siririn tantani daga ɓangaren da narkakkun sinadarai suka yi kaɗan zuwa ɓangaren da suka fi yawa. Da wannan hanya saiwa ke tsotsar ruwa. Idan gishirin ƙasa ya yi yawa, tsotson yakan yi wuya, sai a ga shuka ta yi yaushi alhali gonar a jiƙe take. Albasa na cikin amfanin gonar da ba sa jure gishiri.

Matakan da ƙa'idojin ke nunawa

Ba wanda zai hana rana zafi ko ya tsayar da iskar hunturu, amma ana iya rage abin da ake miƙa musu. Yashe madatsa da dasa itatuwa a yankin da ruwa ke gangarowa na kare zurfinta. Ban ruwa da sassafe ko da yamma, rufe ƙasa da karan dawa ko ɓuntun shinkafa, da gyaran hanyoyin ruwa suna rage asara a gona. Kyakkyawar magudana kuma ita ce maganin taruwar gishiri. Ga hukuma, auna ƙafewa a kai a kai shi zai nuna ainihin ruwan da ya rage wa birni da gonaki kafin faɗuwar damina, domin duk lissafin rabon ruwan da bai cire kason iska ba zai gaza a watan Mayu.