Mata Masu Dubara: asusun da ya taso daga Maradi

Mata Masu Dubara, ko MMD a taƙaice, tsari ne na asusu da rance tsakanin mata. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi a jihar Maradi a shekarar 1991, bisa tsohuwar al'adar adashi.

Ga yadda abin yake: mata kamar ashirin zuwa talatin na gari ɗaya ko unguwa ɗaya su haɗu, su zaɓi shugaba da ma'aji, su tsara dokokinsu da kansu. Kowane mako sai kowacce ta zuba abin da aka tsaida, ko dala ashirin ne. Mai buƙata ta karɓi rance ta ja jari, ƙuli-ƙuli ko kiwon awaki, ta biya da ɗan ƙari. Bayan wajen shekara guda a buɗe akwati a raba uwar kuɗi da riba. Akwai kuma ƙaramin asusu na gefe don rashin lafiya ko rasuwa.

Kuɗin ba daga waje suke zuwa ba, guminsu ne. Gudummawar da ake ba su ita ce horo, kuma matan da suka ƙware su ne ke koya wa sabbin ƙungiyoyi. Da haka tsarin ya bazu cikin Nijar, har ya ƙetara ƙasashen Afirka da dama.

Ƙarfinsa amana. Rance ɗaya ya maƙale, kowa sai ya ji a rabonsa, shi ya sa ake ƙirga kuɗi a gaban kowa.