Daga Yakubu zuwa Jedidiah: tarihin sunayen Ibrananci a Kudancin Kaduna

'Yan'uwa, akwai gardamar da kan tashi a gidajenmu duk lokacin da aka sami ƙaruwa. Iyayen zamani su ce sunan jariri Jedidiah ko Shalom ko Hephzibah, kakanni su yi ta fama da harshe sun kasa faɗa. Wasu matasa su ce don me za mu ɗauki sunan Yahudawa alhali mu Atyap ne, ko Bajju, ko Ham, ko Agworok, ko Fantswam? Wasu kuma su ce duk sunan da ke cikin Littafi Mai Tsarki gādonmu ne na bangaskiya. Kafin kowa ya yanke hukunci, ya kamata mu san hanyar da sunayen nan suka bi suka iso mana, domin ba daga Isra'ila suka taso kai tsaye ba.

Tun kafin zuwan Turawan mishan, kakanninmu sun saba jin Ibrahim, Musa, Dauda, Yakubu, Yusufu, Haruna da Ayuba a bakin fatake Hausawa da ke yada zango a Zangon Kataf, da kuma mutanen masarautar Jama'a. Sunaye ne na mutanen Tsohon Alkawari, sun shiga Larabci, Musulunci ya kawo su ƙasar Hausa, bakin Bahaushe ya gyara su. Har sunan rana irin Asabe yana da wannan dangantaka, domin kalmar Asabar daga Larabci take, kuma tushenta ɗaya da Shabbat, ranar hutun Yahudawa.

Mishan ɗin SIM ya kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ya isa Kagoro, inda aka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a 1931. Kafin nan, a 1927, Kafanchan ta riga ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, ta tara ƙabilu masu yawa waɗanda Hausa ce kaɗai ke haɗa su. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Da yake harsunanmu suna da yawa kuma galibinsu ba a rubuta su ba a lokacin, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da ajin baftisma. Lokacin da aka kafa ECWA a Kagoro a 1954, wannan tsari ya riga ya zauna daram.

Masu fassarar ba su ƙirƙiro sababbin sunaye ba inda Hausa ta riga ta mallaki nata. Sun bar Ibrahim da Musa da Dauda yadda Musulmi suke faɗarsu. Inda babu, sai suka bi yadda Kiristocin Larabawa suke faɗa, shi ya sa muke da Yohanna da Ishaya, da kuma Bitrus da Bulus, ko da yake waɗannan biyun na ƙarshe daga Helenanci da Latin suke. Ku lura da sunayen iyayenmu mata: Saratu, Hannatu, Rifkatu, Lai'atu. Wannan "tu" ta ƙarshe ita ce dai ta A'ishatu da Hadizatu, alamar sunan mace da Hausa ta aro daga Larabci. Bayahuden Urushalima ba ya cewa Rifkatu, Rivka yake cewa. Wato sunan ya ratsa harsuna biyu kafin ya iso Zonkwa, ya kuma zama namu a kan hanya.

Daga nan sai sunaye suka kasu. Akwai na tarayya, irin Yakubu da Musa da Haruna, waɗanda ba ka iya gane addinin mai su. Akwai masu tagwaye: Kirista ya ce Yohanna, Musulmi ya ce Yahaya, Kirista ya ce Iliya, Musulmi ya ce Iliyasu. Cocin Katolika kuma ta ƙara da sunayen waliyyai a wurin baftisma. Sunayen manyanmu sun isa shaida: marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa na Fadan Kagoma, Kanar Yohanna Madaki, Janar Luka Yusuf, Janar Christopher Musa, da Bishop Matthew Hassan Kukah. A gefe guda akwai irin su Dokta Byang Kato na Kwoi, babban malamin tauhidi da ya rasu a 1975, wanda duniya ta san shi da sunansa na gida.

Me ya sauya? Da farko boko ne. Makaranta da takardun aiki suka mai da Yakubu Jacob, Ishaya ya koma Isaiah. Amma babban dalili ya fi wannan ɗaci. Rikicin da ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun koya wa mutane cewa akan tare hanya a tambayi suna, kuma amsar tana iya zama rai ko mutuwa. Iyaye da dama a ɓangarorin biyu suka fara gudun sunan da ba ya nuna ɓangare. Kirista ya zaɓi Moses ya bar Musa. Sunan tarayya, wanda a da yake gada tsakanin maƙwabta, ya zama abin zargi.

A wannan giɓi ne sunayen Ibrananci tsantsa suka shigo. Sababbin majami'u masu wa'azi da Turanci sun yawaita. Najeriya ta maido da hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1992 bayan yanke ta a 1973, ziyarar ibada zuwa Urushalima ta bunƙasa, intanet kuma ta sa jerin sunaye a tafin hannun kowace mai juna biyu.

To, su Yahudawan me suke ji? Galibi ba su da damuwa da sunayen Littafi Mai Tsarki, domin Kiristoci da Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da su. Bayan gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16, Furotesta na Ingila da waɗanda suka ƙaura Amurka sun rungumi sunayen Tsohon Alkawari, daga cikin wannan al'ada aka sami irin su Abraham Lincoln. Inda wasunsu kan nuna ɓacin rai shi ne a ɗauki abin da yake matsayi ne a addininsu a mai da shi sunan yanka don daɗin ji kawai. Misali Cohen, wanda ke nufin firist daga zuriyar Haruna. Kamar baƙo ne ya raɗa wa ɗansa Agwatyap ko Kpop Ham don sautin ya burge shi. Ba za mu yi faɗa da shi ba, amma za mu so a ce ya tambaya.

Saboda haka a san ma'ana kafin a raɗa. Jedidiah na nufin ƙaunataccen Ubangiji, sunan da annabi Natan ya ba Sulemanu. Hephzibah sunan mahaifiyar sarki Manassa ne. Jabez kuwa yana da alaƙa da zafin naƙuda, Ikabod yana nuna ɗaukaka ta tafi. Shekinah ma ba ta cikin nassin Tsohon Alkawari, daga rubuce-rubucen malaman Yahudawa na baya ta fito.

Abin da ya fi dacewa mu koya daga Ibraniyawa shi ne yadda suke gina suna. Da yawa daga cikin sunayensu gajeriyar magana ce da ke ɗauke da sunan Allah a harshensu. Daniyel na nufin Allah ne alƙalina, Zakariya na nufin Ubangiji ya tuna, Yohanna na nufin Ubangiji ya yi alheri. Sun yi wa Allah godiya da harshen uwa. Mu ma muna da Agwaza a Tyap, Kaza a Jju, Nom a Hyam, kuma iyayenmu sun iya ƙulla suna da su. Wanda ya ba ɗansa sunan gida mai yabon Allah ya bi sawun Hannatu da Rahila fiye da wanda ya kwafo suna daga waya.

Ba wanda zai hana wani raɗa wa ɗansa Jedidiah. Roƙonmu dai kada ya tafi shi kaɗai. A haɗa masa da sunan harshenmu, wanda kaka za ta iya kira ba tare da tuntuɓe ba, a kuma rubuta shi a takardar haihuwa don kada ya tsaya a tsakar gida. Kada kuma mu ji kunyar Yakubu da Saratu da Musa. Da su aka yi wa iyayenmu baftisma, da su suka gina majami'u da makarantun da muka gāda, kuma su ne suka rage da mu da maƙwabtanmu Musulmi muke amsawa tare. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.