MELLAHA: FILIN TSEREN MOTOCIN DA YA KOMA TASHAR JIRGI

 Tunda an gama jarrabawa kowa ya ɗan samu sararin numfashi, bari in kawo muku wani guntun tarihi. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Duk mai bin labaran Libiya ya san sunan Mitiga, filin jirgin saman da ke gabashin Tarabulus. Daga nan ake yawan kwaso 'yan Najeriyar da tafiyar ci-rani ta rutsa da su a dawo da su gida. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan wurin aka taɓa yin ɗaya daga cikin filayen tseren motoci mafi gudu a duniya. Sunansa Mellaha, saboda wani tafkin gishiri da hanyar ta kewaye.

Italiya ta shiga Libiya da yaƙi a 1911. A 1925 Turawan mulkin mallakar suka fara shirya gasar tseren motoci ta Tarabulus a kan titunan bayan gari. Abin bai yi armashi ba, kuɗi ba ya shigowa, kuma a 1930 wani shahararren direba, Gastone Brilli-Peri, ya mutu wajen atisaye. Sai aka dakatar da gasar shekara biyu.

To ku lura da abin da ke faruwa a cikin shekarun nan biyu. A gabashin ƙasar, Janar Graziani ya kwashe mutane kusan 100,000 ya zuba su a sansanonin tsarewa irin su Suluƙ da Al-Agaila, inda yunwa da cuta suka kashe dubbai. Ranar 16 ga Satumba 1931 aka rataye Umar Mukhtar a gaban jama'arsa. Ba a cika shekara biyu da haka ba aka buɗe sabon filin Mellaha, ranar 7 ga Mayu 1933. Tsawon zagayensa kilomita 13 da 'yan kai, ga doguwar hasumiyar alƙalai, ga rumfar 'yan kallo mai cin mutum wajen 10,000. Manufar a fili take: a nuna wa Turai cewa Libiya ta kwanta, ta zama wurin shaƙatawa.

Ina aka samo kuɗin? Caca. Aka ƙirƙiro tikiti na lira 12 ana sayarwa a faɗin Italiya. Sai a yi ƙuri'a a fitar da wasu tikitoci, a haɗa kowanne da sunan direba ɗaya. Wanda direbansa ya zo na ɗaya zai kwashi kusan lira miliyan 3. Matsalar ita ce an yi haɗin tun ana sauran kwanaki a yi tseren, don haka kowa ya san wa ke riƙe da wa. Sai manyan direbobi uku, Varzi da Nuvolari da Borzacchini, suka zauna da masu tikitinsu suka yi yarjejeniyar raba kuɗin komai ta fanjama. Varzi ya ci da motar Bugatti, Nuvolari na biye da shi da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Har yau masana na muhawara ko an shirya wanda zai ci ne ko kuɗin kawai aka raba, amma surutun ya sa dole aka sauya doka, aka koma yin haɗin dab da tashin motoci.

A wannan tseren ne wani Bature ɗan Ingila, Tim Birkin, ya ƙone hannu da salansar motarsa. Ciwo kamar wasa, bayan 'yan makonni ya mutu a Landan.

Daga 1934 Italo Balbo ya zama gwamnan Libiya, ya mayar da gasar bikin ƙasaita. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin daga 1935 Jamusawa suka mamaye filin da Mercedes da Auto Union, suna gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Hermann Lang ya ci a 1937 da 1938. Abin ya ishi Italiyawa, sai suka ce a 1939 ba motar da za ta shiga sai mai ƙaramin inji, lita 1.5, don sun san Jamus ba ta da irinta. Mercedes ta yi shiru, cikin wata takwas ta ƙera sabuwar mota, W165, ta zo ta ɗauki na ɗaya da na biyu. Lang ɗin dai ya sake ci.

Tseren ƙarshe an yi shi a watan Mayun 1940, Giuseppe Farina ya ci da Alfa Romeo, lokacin Jamusawa ba su zo ba. Wata mai zuwa Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ranar 28 ga Yuni sojojin Italiya da kansu suka harbo jirgin Balbo bisa kuskure a Tubruk. A 1943 sojojin Birtaniya suka karɓe Tarabulus. Wurin ya koma hannun Amurka ya zama sansanin sojan sama na Wheelus, har 1970 da gwamnatin Gaddafi ta sallame su. A 1995 aka raɗa masa suna Mitiga, kuma tun da yaƙin 2014 ya lalata babban filin jirgin Tarabulus, shi ne ƙofar birnin.

Yanzu ku shiga intanet ku nemi Mellaha. Za ku samu sunan kowane direba, lambar motarsa, har daƙiƙun da ya yi. Ku nemi sunan ɗan Libiya ɗaya da ya yi leburanci wajen shimfiɗa kwaltar, ku gani ko za ku samu cikin sauƙi. Wanda ke da mulki shi ke da alƙalami da kyamara, abin da ya so a tuna shi ya rubuta.

Mu da muke rubuta furojet da tesis, wannan ya shafe mu kai tsaye. Filin sukuwa na Kano da na Kaduna, da tsofaffin kulob-kulob na Turawa a garuruwanmu, duk suna da irin wannan labari mai fuska biyu. In ka buɗe fayil a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ka tambayi kanka: wa ya rubuta, wa ya biya, wa aka bari a waje? Sannan ka je ka zauna da tsofaffin unguwa tun suna da rai.

Wanda ya san labarin wani tsohon fili a garinsu ya ajiye mana a ƙasa mu ƙaru. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya mayar da kowa gida lafiya.